Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Noma Da Shugabannin Cibiyoyin Bincike Kan Tsutsar Da Ke Cinye Mana Mangwaro

Mai girma Ministan Noma da Samar da Abinci na Tarayya, da shugabannin Majalisar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa, da na cibiyoyin binciken da ke ƙarƙashinta, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ina rubuto wannan wasiƙa ne da yawun masu lambunan mangwaro da gwaba da lemo na yankinmu, tsakanin kudancin Kano da arewacin Kaduna. Yawancinmu ƙananan manoma ne. Akwai mai itace ashirin, akwai mai ɗari, akwai kuma matan da mazajensu suka rasu suka bar musu 'yan itatuwa a bayan gari, waɗanda da kuɗin mangwaron bazara suke sayen takin damina da biyan kuɗin makarantar yara.

Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana shi ne, duk lokacin da aka sanar da sabon shirin tallafa wa manoma, sunayen da muke ji su ne shinkafa da masara da alkama da rogo. Ba mu da ja a kan haka, domin mu ma da hatsin muke rayuwa. Amma itacen marmari ya zama maraya a tsarin noman ƙasar nan, alhali kuwa akwai ƙwaron da ya kai kimanin shekara ashirin yana cin amfaninsa, kuma masana sun daɗe da sanin yadda ake maganinsa.

Ranka ya daɗe, ƙwaron da nake nufi shi ne ƙudan 'ya'yan itace, musamman baƙon nan da masana ke kira Bactrocera dorsalis. Asalinsa daga Asiya yake. A shekarar 2003 aka fara ganinsa a Afirka, a ƙasar Kenya, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan ya iso Afirka ta Yamma ya mamaye ta. Aikinsa a ɓoye yake yin sa. Tamatar takan huda fatar mangwaro daidai lokacin da ya fara ƙosawa, ta zuba ƙwai a ƙarƙashin fatar, bayan kwana ɗaya ko biyu su ƙyanƙyashe su zama tsutsa. Tsutsar takan yi mako ɗaya zuwa biyu tana cin naman, ɗan itacen ya ruɓe ya faɗo, ita kuma ta fito ta shige ƙasa ta kwanta, sannan ta fito a matsayin sabon ƙuda. Idan akwai zafi da danshi, cikin wata guda ko ƙasa da haka an yi zuriya guda, ta kuma fara tata ɓarnar.

Wanda bai taɓa tsayawa a lambu ba zai yi wuya ya gane yadda asarar take. Za ka tsinko mangwaro mai aure, ƙato, fatarsa sumul, babu abin da za ka gani sai wani ɗan ɗigo kamar bakin allura, wani lokaci da ɗan ƙaro a kansa. A jera shi a kwando a ɗora a mota. Kafin a yi kwana biyu a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa gefen ɗigon ya yi laushi ya yi ruwan ƙasa, idan aka yanka sai ka ga fararen tsutsotsi suna motsi a ciki. Dillalin da ya taɓa ƙonewa ba ya sake yarda. Da zarar ruwan farko ya sauka, sai ya riƙa taya kwando a kan cewa wani kaso nasa ruɓaɓɓe ne, ko da mai lambu ya rantse cewa nasa lafiyayye ne. Ta haka mai kayan kirki ma yake biyan bashin ƙudan da bai shiga lambunsa ba.

Kokenmu na farko shi ne ilimin yaƙi da wannan ƙuda yana nan, an gwada shi a ƙasashen Afirka ya yi aiki, amma bai iso hannun mai lambu ba. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi, da masu bincike na IITA, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da abokan aikinsu a Jamhuriyar Benin, sun shafe shekaru suna haɗa dabarun da idan aka yi su tare suke rage ɓarnar ƙwarai. Akwai tarkon da ake yi da robar ruwa da aka huda, a rataya auduga a ciki da aka jiƙa da sinadarin methyl eugenol da ɗan maganin kashe ƙwari, wanda ƙamshinsa ke janyo mazan ƙudan daga nesa su mutu a ciki, matan su rasa barbara. Akwai abincin yaudara mai gina jiki da ake haɗawa da guba kaɗan, irin su spinosad, wanda matan ke nema kafin su yi ƙwai, kuma ba a fesa shi a duk itacen, wani ɗan ɓangaren ganye kawai ake yayyafa wa duk mako. Akwai kuma wadda ta fi su sauƙi, wato tsince duk ɗan itacen da ya faɗo, a ƙulle shi a baƙar leda mai kauri a ajiye a rana har tsutsar ta mutu, ko a binne shi a rami mai zurfin da bai gaza rabin mita ba. Wannan ta ƙarshe ba ta bukatar ko sisin kwabo sai ƙwazo. Duk da haka, shiga lambun da ka ga dama a watan Mayu, za ka tarar da ƙarƙashin itatuwa shimfiɗe da ruɓaɓɓen mangwaro, domin babu wanda ya taɓa zaunar da mai lambun ya nuna masa cewa a nan ne ƙudan gobe ke kwance.

Inda malamin gona bai je ba, mai shagon magani ne ke zama malami, kuma wannan shi ne koke na biyu. Wani dattijo maƙwabcina ya kai kukan tsutsa wani shago a ranar kasuwa, aka ba shi kwalbar maganin da ake fesa wa wake, aka ce ya ninka awo tunda itace ya fi wake girma. Ya yi hayar yaro ya hau itatuwa da injin feshi a baya, babu takunkumi babu safar hannu, aka yi wa lambun wanka ana saura 'yan kwanaki a tsinka. Yaron ya kwana da ciwon kai da amai, tsutsa kuma ba ta fasa ba. Ba za ta fasa ba kuwa, domin feshi ba ya isa ga tsutsar da ke cikin nama, ba ya isa ga wadda ke kwance cikin ƙasa, ƙudan da ke tashi kuma gobe wasu za su zo daga lambun gaba. Abin da feshin ke kashewa da tabbaci su ne ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke yi wa fure barbara, da ƙananan ƙwarin da ke farautar masu ɓarnar. Sauran maganin kuma ya bi mangwaron zuwa bakin yaran da ke saye a tire. Mai girma Minista ya san cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a cikinsa. Hanyar da ta kai wake can, ita muke bi da 'ya'yan itace.

Akwai kuma wata illa da ba a cika danganta ta da ƙuda ba. Mai lambun da ya san cewa jiran nuna a kan itace yana nufin tsutsa, sai ya kaɗe mangwaronsa ɗanye tun bai ƙosa ba. Ɗanyen da bai ƙosa ba kuwa ba ya nuna da kansa yadda ya kamata, shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke dafa shi da sinadarin kabayid na masu walda, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haɗarinsa ga lafiya. Gargaɗin daidai ne. Sai dai muddin tsoron tsutsa na sa a tsinki ɗanye, za a ci gaba da samun masu neman hanyar nunar da shi da ƙarfi.

Koke na uku shi ne wanda na fi so a tsaya a kansa, domin shi ne ya sa wannan al'amari ya fi ƙarfin manomi ɗaya ya zama aikin hukuma. Ƙuda bai san iyakar gona ba. Mutum zai iya rataya tarkuna, ya tsince abin da ya faɗo kullum safiya, ya yayyafa abincin yaudara a kan kari, amma idan lambuna goma da ke kewaye da shi ba sa yi, da itatuwan da ke cikin gidaje da makarantu da bakin hanya waɗanda ba su da mai kula, to ƙudan da aka haifa can nasa lambun za su zo. Wanda ya gwada shi kaɗai ya ga bai ci riba ba, baɗi ba zai sake ba, kuma zai gaya wa maƙwabta cewa dabarar 'yan boko ba ta aiki. A wurare da dama da aka ci nasara, gari guda ko yanki guda ne aka sa suka fara a mako ɗaya, tun 'ya'yan suna ƙanana, aka kuma ɗore har ƙarshen kaka. Manomi ba shi da ikon tara gunduma. Wannan sai hukuma, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin kasuwa, domin ko juji na ruɓaɓɓen kayan marmari da ke bayan kowace babbar kasuwa shi ma maƙyanƙyasa ce, kuma daga nan motoci ke kwasar ƙwaron su kai shi inda babu.

Na huɗu, binciken da aka yi a wasu wurare yana bukatar a daidaita shi da yanayinmu na Arewa. Binciken Benin ya nuna cewa ƙuda ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gida, Ceratitis cosyra, wanda ya fi jure rani kuma shi ke fara ɓarna a farkon kakar mangwaro, sannan baƙon ya yawaita da zarar ruwa ya sauka. Muhimmancin wannan ga aljihun manomi shi ne tarkon methyl eugenol baƙon kawai yake kamawa, na gidan ba ya kula shi, nasa sinadarin daban ne. Idan aka sayar wa mutumin Bebeji ko Ikara tarko a watan Maris ba tare da an san wane ƙuda ne ke lambunsa a lokacin ba, yana iya yin asarar kuɗinsa. Muna bukatar a gaya mana, yanki yanki, wane iri ne ya fi yawa a wane wata. Muna bukatar a gaya mana tsakanin Binta Siga da Paparanda da Fita da Juli da manyan masu aure da ke nuna a makare, wanne ya fi tsira, domin mai dasa sabon lambu shawarar shekara talatin yake yankewa. Mu da idonmu mun lura cewa masu nuna da wuri kafin ruwa sun fi tsira, amma abin da ido ya gani a lambu ɗaya bai kai a gina shawara a kansa ba. Sannan ƙudan ba ya tafiya hutu idan mangwaro ya ƙare. Yana komawa kan gwaba da lemo, a daji kuma akwai kaɗanya da danya da gwandar daji, saboda haka duk tsarin da ya tsaya kan mangwaro kaɗai zai bar masa mafaka.

Ba muna faɗin wannan ba ne don raina masu bincikenmu. Mun san abin da bincike ya taɓa yi wa mangwaro a yankin nan. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro mai kama da auduga, Rastrococcus invadens, ya shigo Afirka ta Yamma ya lulluɓe ganyen mangwaro da baƙin danƙo, har mutane suka fara sare itatuwansu. Masana suka je Indiya inda ya fito, suka samo wata 'yar ƙaramar zanzaro da ke zuba ƙwanta a jikinsa, aka sake ta a ƙarshen shekarun 1980 ta hannun IITA da abokan aikinta, ta bazu da kanta ta karya lagonsa, ba tare da manomi ya sayi komai ba. Shi ma ƙudan 'ya'yan itace yana da irin wannan abokin gaba, Fopius arisanus, wanda icipe ta kawo daga Hawaii aka sake shi a Kenya da wasu ƙasashen Afirka. Ko zai iya jure zafin bazararmu da bushewar hunturu, tambaya ce da sai masu bincikenmu sun gwada za a amsa, kuma muna so a gwada. A gida ma mun ga yadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a 2019 mai jure tsutsar fure, labarinsa ya shiga rediyo ya kai ƙauyuka. Cibiyar NIHORT ta Ibadan, wadda kayan lambu da 'ya'yan itace ne aikinta tun tsakiyar shekarun 1970, tana da rassa a Bagauda da Dadin Kowa. Masana suna nan, wuraren aiki suna nan. Abin da muke roƙo shi ne a ba su kuɗi da motoci da ma'aikatan da za su fitar da aikin daga cikin shinge.

Maganar kasuwar waje kuwa a taƙaice take. Mali da Burkina Faso da Kodebuwa da Senegal suna kai mangwaro Turai kowace shekara, duk da cewa ƙudan nan yana can kamar yadda yake nan, kuma tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙara tsaurara sharuɗɗa a kansa. Sun iya ne saboda suna sa ido, suna da lambunan da aka yi wa rajista, suna da wuraren tantancewa. Ƙungiyar ECOWAS ma ta gudanar da shirin yanki na yaƙi da ƙudan tun daga 2015 da tallafin Tarayyar Turai da Faransa. Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka fi yawan mangwaro, amma a wannan kasuwa ba a jin ɗuriyarta.

Ƙuda ba shi kaɗai ne ciwonmu ba. Kauci na shanye itatuwan lemo reshe bayan reshe, gara na cin sabon dashe a rani, ga kuma cutar baƙin tabo da ke ɓata fatar mangwaro idan danshi ya yi yawa. Amma akwai wani haɗari da ke tafe wanda ya kamata a tare shi tun yanzu. A 2020 masana suka ba da rahoton ganin ƙwaron Diaphorina citri a kudu maso yammacin Najeriya. Shi ne ke yaɗa cutar da ta durƙusar da noman lemo a jihar Florida ta Amurka tun daga 2005, cutar da har yau itacen da ya kamu ba ya warkewa. Dashen lemo kuwa a ƙasar nan yawo yake yi a bayan mota daga wannan jiha zuwa waccan, ana sayar da shi a bakin titi babu mai tambayar daga ina ya fito. Mutanen Benuwai da ke ciyar da ƙasa da lemo su ne za su fi jin jiki, mu ma ba za mu tsira ba. Ba mu manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar tumatir ta share gonaki a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Tumatir ana sake shuka shi bayan wata uku. Itacen lemo idan ya mutu, sai an shekara huɗu ko biyar kafin sabo ya fara ba da abin kirki.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke nema. Muna roƙon a ware wa binciken ƙwarin itatuwan marmari kaso nasa na musamman a kasafin ma'aikatar da na cibiyoyin, a kuma saki kuɗin kafin mangwaro ya yi huda a hunturu, domin kuɗin da ya fito a watan Yuli ya tarar da kaka ta wuce. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince a taron Tarayyar Afirka na Maputo a 2003, suka kuma jaddada a Malabo a 2014, cewa za su ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafinsu, kuma ko ɗan abin da ake warewa, ya kamata itace ya sami rabonsa.

Muna roƙon a kafa tarkunan sa ido na dindindin a manyan yankunan lambuna na Arewa, a riƙa ƙirga abin da suka kama kowane mako, a kuma riƙa sanar da sakamakon da Hausa a gidajen rediyo, yadda mai lambu zai ji cewa ƙuda ya fara yawa a yankinsa, lokacin rataya tarko ya yi. Cibiyar NAERLS ta Zariya ta daɗe tana aikin isar da saƙon bincike ga manoma, kuma wannan aiki ne da ya dace da ita. Bayanin ya zo da hoto da murya, domin da yawa daga cikinmu sun fi gane abin da aka nuna musu a kan wanda aka rubuta.

Muna roƙon a zaɓi ƙananan hukumomi kaɗan masu yawan lambuna a yi gwajin yaƙin gari guda, a ɗore da shi aƙalla kaka uku a jere, tare da hukumomin raya aikin gona na jihohi da masarautu da shugabannin kasuwannin kayan marmari, a auna asara kafin a fara da bayan an gama, a kuma bayyana sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Gwajin shekara ɗaya da taron buɗewa da ɗaukar hoto mun ga irinsa da yawa, ba shi muke nufi ba.

Muna roƙon a sa sinadarin tarko da abincin yaudara masu rajista cikin kayan da ake sayarwa da rangwame, a ƙananan ƙunshi da mai itace ashirin zai iya saya, da bayanin awo da Hausa a jiki. A kuma ɗora wa masu bincike aikin samo abincin yaudara daga kayan da muke da su a gida, domin duk abin da sai an shigo da shi da dala, tsadarsa za ta fitar da shi daga hannun talaka. Masu shagunan magani su ma a horar da su, tunda ko an so ko an ƙi su manomi ke fara tambaya.

Game da lemo, muna roƙon Hukumar Killace Kayan Gona ta Ƙasa da NIHORT su binciki inda ƙwaron nan Diaphorina citri ya kai, a yi wa masu renon dashe rajista, a samar da wuraren da mutum zai sayi dashen da aka tabbatar da lafiyarsa da kuma irinsa.

Mu a namu ɓangaren mun shirya ba da lambunanmu a rataya tarkuna, mu ba da matasan da za a koya wa ƙirga da rubuta abin da aka kama, mu kuma tara jama'a duk ranar da aka ce malami zai zo. Muna fatan jin amsa daga ofishinku kafin hudar mangwaro ta bana ta zama 'ya'ya. Allah Ya ƙara wa Mai girma Minista lafiya, Ya kuma ba ku ikon duba wannan koke.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai lambu, a madadin 'yan uwansa masu lambunan mangwaro da gwaba da lemo.